Ƙaramin Yatsan Goggo Kumfa

Goggo Kumfa ba ta taɓa kwana a ɗakin da ba za a iya ce mata ta tashi ba. A ɗakin haya aka haife ta, a ɗakin haya ta yi aure. Mijinta direban babbar mota ne, mutum mai raha da yawan alkawari, kullum cewa yake tafiya ɗaya ta rage masa ya sayi fili. Tafiyar nan ta yi ta raguwa har ranar da aka kawo mata hularsa da agogonsa a cikin leda. Ɗansu ɗaya tilo ya girma ya tafi neman aiki wata ƙasa. Da fari yana kira, daga baya ya koma aiko gaisuwa a bakin mutane, daga nan sai shiru. Ba ta zaginsa. In an tambaye ta sai ta ce yana nan lafiya, tunda dai ba wanda ya zo ya ce mata ba shi da lafiya.

Wanki ne sana'arta tun tana budurwa. A wani shagon wanki da guga da ke bayan otal ta tsufa, tsakanin manyan robobi uku da famfon da ba ya rufuwa sai an ɗaure masa wuya da tsumma. Kumfa kan kai mata har gwiwar hannu, wani lokaci har kan ɗankwali, shi ya sa 'yan shago suka laƙaba mata sunan, ya bi ta har sunanta na yanka ya ɓace. Ta san wuyan rigar mai ƙiba da na mai rowa. Ta san zanin gadon da aka yi kuka a kansa. Ba ta da yawan magana, amma in ta jefo ɗaya sai Mai Guga, abokin aikinta, ya ajiye dutsen guga ya riƙe ciki.

Da aka sayar da gidan da take haya, sabon mai shi ya zo da masu awo, bayan su kuma motar rusau. Goggo ta ɗaure kayanta a zani biyu, ta roƙi Maishago ya bar ta ta riƙa kwana a barandar shagon, bayan robobi. Damina guda ta yi a wurin. Ba ita kaɗai ba ce: akwai wata yarinya mai sayar da ruwan sanyi a tasha, wadda mijinta ya fita sayen wani abu bai dawo ba, ya bar ta da jaririya. Mai Goyo ake ce mata. In ruwa ya tsinke su biyun sukan ja kwali ɗaya su rufa, su sa jaririyar a tsakiya. Wanda bai taɓa jin feshin ruwa a bayansa yana barci ba, ba zai gane abin da ya sa Goggo ta yi abin da ta yi daga baya ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa wata ƙungiya ta gina gida mai ɗakuna da yawa don waɗanda suka rasa wurin kwana. Ba sai ka san kowa ba, ba sai ka durƙusa wa kowa ba. Ka je ofishinsu a ɗauki lambar wayarka da zanen yatsanka, kwamfuta ta sa ka a layi, ranar da ɗaki ya samu saƙo ya shigo maka. Goggo da Mai Goyo tare suka je.

A gaskiya ba mugunta ce ta kawo na'urar duba yatsa ba, kada a ɗauki alhakin mutane. Kafin ita, masu ƙarfi ne ke karɓe irin waɗannan ɗakuna da sunan 'yan'uwansu, su zuba 'yan haya, mabuƙata kuma suna kwance a bakin titi. Sai ƙungiyar ta kafa 'yar na'ura a bakin ƙofar gidan, kusa da bencin maigadi. Kowane mai ɗaki ya ɗora yatsa a kanta kullum, ta kawo koren haske ta ce, "An karɓa." In aka yi mako ba ta ga yatsanka ba, ta ɗauka ka tashi, ta aika wa na gaba a layi ya zo ya shiga. Ba ta karɓar cin hanci, ba ta da ɗan'uwa. Abin da masu tsarin suka manta shi ne akwai mutanen da aiki ya cinye musu yatsu.

Malamar ofis, wata yarinya mai gilashi da sanyin murya, ta kama babban yatsan Goggo ta ɗora a gilashin na'urar ɗaukar zanen yatsa. Shiru. Ta goge, ta sake. Shiru. Ta juya hannun ta duba, sai ta ga fatar sumul kamar bayan cokali, sabulu da maganin cire tabo sun share zanen tas.

"Mama, me kike yi da hannun nan?"

"Abin da ya sa rigarki take fari, 'yata."

Malama ta yi dariya, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na dama duka suka faɗi. Na hagu ma haka, sai da aka zo kan ƙaramin, na ƙarshe, sannan na'urar ta yi ƙara ta kawo kore. Ashe shi ne ke miƙewa sama in tana cuɗa, bai cika shiga ruwa sosai ba.

"Kin gani," in ji Goggo, "duk cikinsu malalacin ne ya yi rana."

Saƙonta ya riga na Mai Goyo zuwa, don kwamfuta ta duba shekaru. Ranar da za ta tare, Mai Goyo ce ta ɗaukar mata ƙunshi ɗaya har bakin ƙofa, ta leƙa ɗakin ta ce, "Kai, Goggo, har da taga!" Goggo ta ce mata ta ƙara haƙuri, nata na tafe. Ta faɗa ne da zuciya ɗaya, amma idonta na kan makullin da ke hannunta.

Ɗaki ne ƙarami a hawa na biyu, mai gado ɗaya na ƙarfe, da ƙusa uku a bango, da tagar da ke kallon bayan wani gareji. Goggo ta wanke shi har sau biyu ko da yake sabo ne. Ta rataya agogon mijinta a ƙusa ɗaya. Makon farko takan rufe ƙofa ta buɗe, ta sake rufewa, don kawai ta ji ƙarar makulli. Ta yi farin ciki irin wanda ba ta yi ba ko ranar aurenta.

Daga ranar ƙaramin yatsan ya daina aiki. Kowace safiya sai ta shafa masa mai, ta naɗe shi da tsumma mai laushi, ta sa masa leda, ta ɗaure da roba, sannan ta tsoma sauran tara a ruwa, shi kuma yana tsaye a sama yana kallonsu. Mai Guga ya sa masa suna Maigida. "Goggo, Maigida ya tashi lafiya? A gaishe shi, a ce muna neman alfarma." Ita kuma ta ce, "Yana hutawa, ka rage murya." Ana dariya, amma wanki da yatsa tara ba wasa ba ne. Matsa bargo ya koma yi mata wuya, wuyan hannunta ya riƙa kumbura, Maishago ya fara duban agogo in ya wuce ta bayanta. Ta daina yanka albasa da hannun hagu a kusa. Ta daina kama ƙofar mota. Ko gaisawa za a yi, sai ta ɓoye hannun a cikin mayafi.

Sannu a hankali ta gane cewa ɗakin ma ya riƙe ta kamar yadda ta riƙe shi. Yayarta, wadda ta goya ta tana ƙarama, ta kwanta ciwo a wani gari mai nisa, ta aiko cewa tana son ganinta. Goggo ta auna hanya, zuwa da dawowa da ɗan zaman jinya, ta ga mako ba zai isa ba. An ce akwai hanyar neman izinin tafiya a babbar waya, ita kuwa tata mai maɓalli ce, wadda aka ɗaure da roba. Ta ce bari ta ga wata mai kamawa. Kafin watan ya kama aka kira ta aka ce an yi rasuwa. A waya ta yi ta'aziyyar 'yar'uwarta, tana zaune a bakin gadon ƙarfe. Da ta gama kukanta ta share ido, ta sauka ƙasa ta ɗora yatsa, na'ura ta ce, "An karɓa." Ranar ta tsani muryar nan har cikin ranta, ta kuma tsani kanta da ta ji sanyi da jin ta.

Abin ya faru ne wata ranar aiki da yamma, an kusa tashi. Goggo ta gama wankinta, ta kwance wa Maigida leda ya sha iska. Mai Guga yana goge wata farar riga mai tsada ta wata baƙuwar otal, wayarsa ta yi ƙara, ya jingine dutsen guga a bakin tebur ya juya, ƙafarsa ta ja igiyar. Dutsen ya karkato zai kifa a kan rigar. Goggo tana wucewa da bokiti a hannun dama. Ba ta yi shawara da kowa ba, hannun da ya yi shekara da shekaru yana tsare kayan mutane ya riga kanta tunani. Ta tare dutsen da hagu.

Rigar ba ta yi ko ɗigo ba. Maishago ya yi ta sa mata albarka, har ya aika aka sayo maganin ƙuna. Mai Guga ya tsaya yana kallon hannun, bakinsa a buɗe, wasan ya ƙare masa. Tafin ya ɗan taɓu, amma ƙaramin yatsan, da yake fatarsa ta yi laushi da hutu, shi ne ya manne da ƙarfen.

Da ta isa gida ta ɗora shi a kan na'urar a hankali, tana cije leɓe. Jan haske ya kawo. "A sake gwadawa."

Maigadi, wani dattijo mai rediyo a aljihu, ya taso ya hura wa gilashin iska, ya goge da hularsa. "Sake sawa, Goggo. Wani lokaci ƙura ce."

"A sake gwadawa."

"Ga ni tsaye a gabanka, Malam Maigadi. Ba ka gan ni ba?"

"Na gan ki mana. Ni da na gan ki jiya, na gan ki shekaranjiya. Amma ganina ba ya shiga cikinta."

Bororon ya fashe, fatar ta saluɓe, sabuwar da ta fito ja ce sumul. Kowace safiya da yamma Goggo na tsaye gaban na'ura, maƙwabta na wucewa suna ɗora nasu suna yi mata sannu. Ta kira lambar da ke manne a bango, wata murya ta ce ta danna ɗaya, ta danna biyu, ta saka mata kiɗa har katinta ya ƙare. Ta roƙi Maishago rabin yini ta tafi ofis. Malama ta gane ta, ta tashi ta ba ta kujera, ta sake bin yatsun nan goma har da shafa musu ruwa. Ko ɗaya bai amsa ba.

"A gwada na ƙafa," in ji Goggo. Ba wasa take ba.

"Mama, wallahi da ana yi da na yi miki. Masu iya taɓa abin nan a kwamfuta ba a garin nan suke ba. Zan aika musu yau ɗin nan. An ce ma za a kawo mai duba fuska, amma ba a sa rana ba."

"Ita na'urar za ta jira su?"

Malama ta cire gilashinta ta goge.

Saƙonni suka fara shigowa wayar Goggo, Maigadi ke karanta mata. Saƙonni ne masu ladabi ƙwarai. Sun lura ba ta kwana a ɗakinta, suna fatan tana lafiya. In har tana nan, ta daure ta ɗora yatsanta a na'ura don a tabbatar. Goggo ta ce ya sake karantawa, ya sake. Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi, ta hau sama ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaure kaya ba, don ba ta san inda za ta kai su ba. Barandar shagon ma yanzu an sa mata ƙofar ƙarfe.

Ranar da mako ya cika, da la'asar, aka ƙwanƙwasa. Maigadi ne, kansa a ƙasa, makulli na biyu a hannunsa. A bayansa wata mace ce da ƙunshi a ka da bokitin ruwan sanyi a hannu, wata 'yar yarinya tana riƙe da bakin zaninta. Goyon ya sauka, yana tafiya da ƙafarsa.

Mai Goyo ta shigo da murmushinta har kunne, ta ga agogon da ke rataye a ƙusa, ta ga Goggo, sai murmushin ya tsaya.

"Goggo? Nan ne? Wallahi ban sani ba. Lamba kawai suka turo mini, suka ce mai ɗakin ta tashi."

"Ga ni na tashi, ba ki gani ba?"

Mai Goyo ta sauke ƙunshin, ta sake ɗauka, ta rasa inda za ta sa kanta. Ta rame, idonta ya faɗa. Yarinyar kuwa ba ruwanta, ta saki zanin uwarta ta nufi gado, ta hau da ƙyar, ta kwanta ta miƙe ƙafa kamar an ce mata nata ne.

"Bari mu koma," in ji Mai Goyo. "Mun saba."

Goggo ba waliyyiya ba ce. Zuciyarta ta ce mata, bar su su koma, ke kika riga zuwa, ke kika bar 'yar'uwarki ta mutu ba ki gan ta ba saboda ɗakin nan. Har ta buɗe baki, sai wayarta ta yi ƙara. Malama ce.

"Mama, sun amsa yanzu. Sun ce za a iya mayar miki, in kin ce a mayar. Sai dai ita wadda aka turo za ta koma ƙarshen layi."

"To, in an mayar, wane yatsa zan sa gobe?"

Malama ta ce, "Sun ce ki ci gaba da gwadawa. Wataƙila in ya warke zanen ya dawo."

Goggo ta ɗaga yatsan ta dube shi a hasken taga. Ta ga ƙuna iri-iri a shagon guga, ta san wadda ke warkewa da wadda ke barin tabo har kabari. Wannan ba zai dawo ba. In ta ce a mayar, mako guda ta saya, ta jefa uwa da 'ya a titi, sannan wata baƙuwar da ba ta taɓa rufa kwali ɗaya da ita ba ta zo ta ƙwanƙwasa.

"Mama, kina ji na? Akwai wani abu kuma," Malama ta rage murya. "Dokar gidan ta yarda mai ɗaki ta zauna da 'yar'uwa ɗaya. Amma ki sani, 'yar'uwar ba ta da komai a ciki. Ran da mai ɗakin ta tashi, ko ta ce ki fita, shi ke nan."

"Na saba da wannan, 'yata. A kansa aka haife ni. Bar shi yadda yake."

Ta kashe wayar, ta ciro makullinta daga bakin zani, ta riƙe shi ɗan lokaci kafin ta miƙa. Mai Goyo ta fashe da kuka ta ƙi karɓa.

"Karɓi, 'yar nan, kada ki sa ni ma in fara. Daga yau ni goggonki ce, ƙanwar babanki. Malam Maigadi, ka ji ko?"

"Ni tun da can ma na ga kama," in ji Maigadi, ya juya ya sauka.

Washegari da safe Mai Goyo ta tattara kwanuka da kayan yarinya, ta zuba garin sabulu a roba, tana son ta nuna godiya. Goggo ta yi wuf ta riƙe mata hannu.

"Da wanne kika yi rajista?"

"Babban na dama."

Goggo ta juya shi ta duba. Ƙanƙarar ruwan sanyi ta fara tsattsaga shi a gefe, amma zanen na nan raɗau. Ta jawo kwalbar mai da tsumma mai laushi da ledar da ta rage, ta zaunar da ita a bakin gado, ta shafa, ta naɗe, ta ɗaure da roba, yadda ta saba yi wa nata.

"Ba wanki, ba wanke-wanke, ba wuƙa. Ƙanƙara ki kama da hagu. In za ki yi tafiya ki faɗa mini tun da wuri. Kuma ko me kika ga zai faɗi, ki bar shi ya faɗi."

"Haba Goggo, ke za ki yi mana wanki a kan na shago?"

"Ba don ke nake yi ba."

Ta ja robar gabanta ta tsoma hannu biyu, yatsa goma cif, karon farko tun da ta tare a gidan. Sabulu ya shiga ƙunar, ya yi mata zafi har cikin kai, ba ta cire ba. Da ta gama ta shanya a taga, suka sauko tare, yarinyar a tsakiya. A bakin ƙofa Mai Goyo ta kwance ledar ta ɗora yatsa. Goggo ta tsaya a bayanta da bokiti a hannu, ta riƙe numfashi, idonta a kan ɗan gilashin nan.

"An karɓa," in ji na'urar.

Sai a lokacin ta saki numfashi. "Mayar da ledar," ta ce, "kafin ki taɓa ƙofa."